Sajen da Aka Gani Durƙushe a Bakin Kogi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara. Baffa ya riga mu ranar wata Laraba da hantsi, ana saura ƙiris Bature ya naɗe tabarmarsa ya bar ƙasar nan. Bai ga mulkin kan da ya sha wa wahala ba. Waɗanda suka tsaya suka gani, su ne suka cika mana ƙofar gida.

Wallahi ban san Baffa yana da masoya a Azare ba sai da ya mutu. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa kasuwa ana kau da kai, in ya ba da baya a tofar da yawu, sai ga tabarmi har bakin hanya. Ina cikin gida wajen mata, amma katangarmu gajera ce, ba ta riƙe magana. Wani ya ce, "Kai, an yi rashin namiji." Na gane muryar, shi ne ya hana 'ya'yansa zuwa gayya gonar Baffa. Wani ya karɓe, "Ai Saje ba a yi kamarsa ba." Wannan kuwa da bakinsa ya taɓa cewa ba zai tsaya sahu ɗaya da shi a masallaci ba. Suka yi ta jera yabo suna tauna goronmu.

Da azahar mijin Goggo ya iso a mota. Tun kafin ya sauko turarensa ya riga shi shigowa. Aka tashi masa, ya zauna a gaba inda 'yan'uwan mamaci suke zama, ya zaro hankici ya danne ido. Ya ɗaga murya yadda mata za su ji, ya ce, "Ni da shi muka kafa jam'iyya a garin nan. Yau an sare mini hannun dama." Inna, matar Baffa, tana zaune cikin takaba da tasbaha a hannu. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da ja.

Goggo ita ma ta zo. Ƙanwar Baffa ce, ciki ɗaya, ita ce matar mai turaren. Ta sami lungu kusa da randa ta zauna, ba ta yi wa Inna gaisuwa ba, ba ta zubar da hawaye ba. Rabonta da yi wa wanta magana tun ranar da ɗanta na fari ya nutse a kogin Katagum, domin mijinta ya gaya mata, ya kuma gaya wa duk gari, cewa Baffa ne ya sayar da su. Ni na san ƙarya ce. Baffa ya ɗaure mini baki yana da rai, to ga shi an kai shi. Na yi wa kaina alkawari ba za a watse zaman makokin nan ba sai Goggo ta ji daga bakina.

Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi, don kada yabon 'yan ƙofar gida ya zama shi ne abin da ya rage.

Wan mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, kuma da yake sunan uwarsu aka sa mini, Uwata yake kirana har ya bar duniya. Ba zan ce muku mai daɗin zama ba ne. Baffa ya raina mutane, ya raina su da gaske, kuma ba ya ɓoyewa. In mutum ya cika baki a gabansa sai ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya juya. Da ya zage ka da ya fi sauƙi. A wajensa na koyi wannan kallo, maigidana yana cewa da gado ake raba shi da ni kaɗai na kwashe.

Lokacin da aka zo ɗibar soja don yaƙin Turawa, Baffa na cikin waɗanda aka tafi da su Burma. Mijin Goggo a makon nan fatauci ya taso masa can wajen Gadau, bai ga hanyar gida ba sai da aka gama ɗiba. Baffa ya dawo da igiya uku ta saje a hannu, da tari wanda bai bar shi ba har kabari, da lambobin yabo a cikin gwangwanin taba. Bai taɓa liƙa su a ƙirji ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Uwata, waɗanda suka cancanta suna can ƙarƙashin itatuwan da ban san sunansu ba." Ya koma gonarsa ta hanyar Chinade yana noma gero.

Ba ya cin abinci sai kowa ya ci. Inna ta yi mita har ta gaji, tuwonsa kullum sai ya huce. Yakan ce babba shi ke ci a ƙarshe, in tuwon bai kai ba ya sani a cikinsa. Yakan kuma ce wanda ya fita bai san hanyar dawowa ba, ba tafiya ya yi ba, ɓata ya yi. Ko biki za mu sai ya tambayi ta ina za mu komo.

Shekarar da kurkunu ya fito mini a ƙafa, ina goyon fari, kowa ya gaji da ni. Baffa kullum da safe kafin ya tafi gona sai ya biyo gidan mijina, ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya naɗa tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan don kada ta tsinke a ciki. Yana yi yana faɗa. "Raguwa kawai! Wannan ɗan zaren kike yi wa ihu? Riƙe mini ƙafar nan, ko in sare ta mu huta." Hannunsa kuwa ko rawa ba ya yi, ban taɓa jin zafin jansa ba. Haka ya yi har ta fita duka.

Da aka fara maganar mulkin kai, jam'iyyu suka shigo. Mijin Goggo ya zama shugaban reshe, don yana da motar gyaɗa da bakin magana. Sai dai duk inda suka kafa lacca, 'yan ɗaya jam'iyyar su zo da sanduna su watsa su, shugaba ya tattare riga ya yi gaba. Da abin ya ishe su suka zo wurin Baffa. Shi bai damu da tuta ba, amma ya ga Bature yana gudun harsashi kamar kowa, ya ce tunda haka ne babu dalilin da zai sa ya zauna mana a ka.

Ya tara samari a fili bayan gari, maigidana na ciki, taubashina ɗan Goggo ma na ciki. Da usur ɗaya ya mai da su mutane. Ya hana wuƙa, ya hana barandami, kowa sandarsa kawai, kuma ƙafa ba takalmi yadda suka saba. Ya ce musu, "Ba duka kuka zo yi ba, hana duka kuka zo yi." Suna kewaye lacca su juya wa mai magana baya su fuskanci waje. Tun daga ranar ba a sake watsa taronsu a Azare ba. Mijin Goggo ya riƙa magana har rana ta faɗi, ana yi masa tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko hakan bai ishe shi ba. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne gari yana ce musu yaran Saje, ba yaran Shugaba ba. Wata rana a gaban baƙi daga Kano, samarin suka sara wa Baffa kafin su sara masa. Mijin Goggo bai ci tuwo ba ran nan. Ya kira taro ya ce jam'iyya ba bariki ba ce, wanda aka zaɓa shi ke ba da oda. Ya buɗe buhuna ya fito da kaki da manyan takalman soja na gwanjo da ya sayo, ya ce daga yau sojojinsa ba za su yi yawo kamar 'yan ga-ruwa ba. Samari suka ga takalmi, ido ya rufe. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi usur. Baffa bai ba shi a hannu ba, ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Ga shi nan. Hurawa ba wuya, yaro ma yana yi." Ya sa hularsa ya fita.

Sai ga mijin Goggo da ɗamara a kan tumbi yana faretin hagu da dama. Sojan gona na gaske ke nan. Mata muna leƙe ta zana muna dariya har da hawaye, ba mu san kuka muke tarawa ba.

Zaɓe ya matso, mijin Goggo yana son a tsayar da shi takara. Ya ga babu abin da zai ɗaga sunansa kamar a ce shi ne ya kafa tuta a Katagum, tsohon gari, inda jam'iyyarsu ba ta da ko kaza. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse. Baffa ya aika masa cewa a jira ruwa ya janye, shi kuwa ya ce tsoro ne irin na tsohon soja. Baffa ya je wurin Goggo ya ce ta hana yaron zuwa. Goggo ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ɗan fari ne. Ina ni ina maganarsa?" Ku da kuka san mu kun san haka ne, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta shiga zancensa a gaban mutane.

Ranar tafiya Baffa ya hau bayan motar gyaɗa cikin 'yar shararsa. Mijin Goggo ya ce, "Ai mun sallame ka." Baffa ya ce, "Kasuwa zan ci a Katagum." Abin da ya biyo baya maigidana ne ya ba ni labari, shi yana wurin.

Mota ta tsaya a wani ƙauye na bakin kogi inda ake fito. A wurin nan kwale-kwale ɗaya ne, sauran fiton da gora ake yi, manyan gorunan nan da mutum zai rungume ta gefe ɗaya, mai fito ya riƙe ta ɗaya gefen yana iyo da ƙafa. Kowa a ƙasar nan ya san ba a shiga ruwan sai an je an durƙusa wa sarkin masu fito, an miƙa masa goro, ya ce a sauka lafiya. Ko hakimi in ya zo sai ya aika da nasa. In ka yi haka ka zama amanarsu, zuwa da dawowa. Baffa ya matsa ya ce a yi gaisuwar, a kuma bar mutum biyar a bakin ruwa wajen kwale-kwale. Mijin Goggo ya ɗauki lasifika, don tsohon sarkin masu fiton ya ji da kyau, ya ce, "Mu da muka fito yaƙi da sarauta, za mu durƙusa wa sarkin kwaɗi?" Samari suka yi shewa. Tsohon yana zaune a gindin tsamiya yana gyaran koma, bai ɗago ba. Aka haye da su a haka.

Laccar ba ta yi nisa ba. Mutane suka fito musu ta lunguna da sanduna da duwatsu. Mijin Goggo ya hura usur, ya sake hurawa, ba wanda ya san me yake nufi, shi kansa bai sani ba. Samarin da Baffa ya koya wa tsayawa suka ga shugabansu yana gudu, suka bi shi. Suka iso bakin kogi suka tarar an kwashe goruna an kai tudu, masu fito suna zaune a kai sun harɗe hannu. Kwale-kwale kaɗai ke ɗaure a ruwa.

Mijin Goggo ya faɗa ciki da lasifikarsa da tutarsa da direbansa, suka kwance igiya. Akwai wurin mutum shida a ciki. Taubashina ya iso gaɓa yana kira, "Baba! Baba!" Uban ya juyo, ya gan shi, maigidana ya rantse ya gan shi, ya ce wa direba ya tuƙa. Yaron ya ga ana tahowa a bayansa, ya faɗa ruwa ya bi uban. Ya iya iyo, a tafki ya girma. Amma da kaki a jikinsa da takalman nan ɗaure har ƙwauri.

Baffa ya cire hula ya tafi gaban tsohon, wanda shi ma ya hayo wannan gaɓar, ya zube gwiwa biyu a taɓo. Mutumin da bai taɓa rusuna wa kowa ba a Azare. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi maka laifi, ni na ɗauka. Yaran nan ba su san komai ba." Tsohon ya dube shi, sannan ya ɗaga hannu. Masu fito suka tashi, wasu suka tsaya tsakanin samarin da masu sanduna, wasu suka sauko da goruna. Baffa ya sa kowa ya cire takalmi kafin ya taɓa ruwa. Ba a ƙara rasa ko ɗaya ba. Gawar taubashina sai washegari aka same ta can ƙasa, ta maƙale a saiwa.

Kafin nan mijin Goggo ya ja motarsa ya riga kowa isa Azare. Ya tsaya a tasha yana kuka ya ce Saje ya haɗa baki da mutanen can don an karɓe masa usur, ga shi an gan shi durƙushe gaban sarkin masu fito. Da samari suka dawo aka tambaye su, da gaske ya durƙusa? Suka ce ya durƙusa. Ba wanda ya tambayi don me, su ma ba su ƙara ba. Kafin kaka ta fita kowannensu ya sami sikelin sayen gyaɗa a ƙarƙashin Shugaba. Su ne masu tumbin nan da ke ƙofar gida suna cewa an yi rashin namiji. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, na mijin Goggo kam har yau ban ga ƙarshensa ba.

Maigidana ya ƙi sikelin, amma shi ma ya yi shiru, don Baffa ya sa shi rantsuwa. Ni kaɗai ya gaya wa. Na yafa mayafi na tafi na sami Baffa yana sa wa fartanya ƙota. Na ce, "Baffa, gari na zaginka, Goggo ta ce ba ta da wa, kai kana nan kana fartanya?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, in na faɗa, ta rasa ɗa ta rasa miji, ga ƙanana a gabanta. Ina za ta? Gara ta rasa wa." Na ce ai wannan zalunci ne. Ya ce, "In kin buɗe baki ina da rai ban yafe ba."

Ni dai har yau ban ga jarumta a shirun nan ba, kuma na gaya masa. Girman kai ne ya sa shi, ya raina garin har ya ga bai kai a yi masa bayani ba. Amma duk Sallah sai ya wanke rigarsa ya tafi ƙofar Goggo ya yi sallama. A ce masa ba ta nan, alhali yana jin ƙarar turminta. Ya ce a gaishe ta, ya ajiye damin gero ya dawo. Ranar ba ya cin tuwon ma ko ya huce. Na tsani mijin Goggo saboda abubuwa da yawa, amma wannan dawowar ta Baffa daga ƙofar ƙanwarsa ita ce ba zan yafe ba.

Ranar sadakar uku, bayan an raba gumba mata sun fara raguwa, na ga Goggo ta shiga madafi ita kaɗai tana wanke ƙore. Na bi ta. Na tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Goggo, akwai maganar da Baffa ya hana ni faɗa. Yanzu ba ya nan. Ranar Katagum..."

Ta ce, "Rufe mini baki, Uwata."

Na ce, "Wallahi ba zan rufe ba. Ba shi ba ne. Mijinki ne ya ja kwale-kwale yaron yana kiransa."

Ta ci gaba da cuɗa ƙwarya da soso. Ta ɗauraye, ta kife, ta ɗauki wata. Sannan ta ce, "Kin gama?"

Na ce, "Ba ki ji ni ba ne?"

Ta ce, "Ni na karɓi rigar uban yaron ranar da ya dawo. A bushe take, ko gefenta bai taɓa ruwa ba. Baffanki kuwa da ya kawo mini gawa, na gan shi ta kafar zana, duk fatar hannunsa ta yi fari ta saɓule don nitso. Kina tsammanin ni jaka ce?"

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Kin sani? Duk shekarun nan kin sani, kika bar shi yana tsayawa a ƙofarki?"

Sai a sannan ta ajiye ƙwaryar. Ta ce, "Ɗan fari ne, ban isa in yi kukansa a gaban kowa ba. Miji kuwa ba a gaba da shi ana cin tuwonsa. To wutar nan a kan wa zan sauke ta? Na duba duk duniya, mutum ɗaya ne zan yi wa haka ya ɗauka, kuma ya dawo baɗi." Ta goge hannu da zani. "Na ce sai ƙananan sun tasa in je in durƙusa masa. Autana watan gobe za a yi masa aure."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Daga waje ina jin mijinta yana yi wa mutane godiya da suka zo, yana cewa Allah ya ba da lada.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya sa ya huta. Na zo da magana don in wanke shi a wurin ƙanwarsa, na tarar ba a wurinta yake buƙatar wanki ba. Na matsa na riƙe ta, ta kira sunan wanta na yanka cikin zanina, a hankali, yadda ba wanda zai ji.